Kafin Mu Raina 'Yan Asalin Kanada, Mu San Abin da Aka Yi wa 'Ya'yansu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri tare da dukkan ma'aikatan wannan jarida. Ni 'yar Zariya ce, aure da aikin jinya suka kawo ni birnin Winnipeg na lardin Manitoba a ƙasar Kanada, kuma a nan nake renon 'ya'yana. Abin da ya sa na nemi fili shi ne wata magana da ta kama bakin mutanenmu mazauna nan, har ta fara bin waya tana isa gida. Duk baƙon da ya sauka, kafin ya warware gajiya an ja shi gefe an yi masa kashedi da 'yan asalin ƙasar, wai mashaya ne, ba sa son aiki, gwamnati ce ke ciyar da su. Idan mutum ya ce ai akwai abin da ya kai su ga haka, ya ambaci makarantun kwanan da aka tsare 'ya'yansu a ciki, sai a ce masa ai ilimi aka ba su kyauta, mu ma mun yi makarantar kwana mun sha bulala, ga mu nan ba mu lalace ba. Kwanan nan kuma an samo sabuwa daga Facebook, wai labarin gaba ɗaya ƙage ne, tunda ba a tono gawa ko ɗaya ba. Na ji wannan a gidan suna, daga bakin mata masu ilimi, waɗanda na tabbata ba za su yarda a taɓa ko farcen ɗansu ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Maganar ilimi kyauta, waɗanda suka kafa makarantun da kansu ba su ce ilimi ne manufarsu ba. A 1883 Firaministan Kanada na farko, John A. Macdonald, ya tsaya a majalisa ya ce idan makaranta tana cikin garin iyayen yaro, to ko ya iya karatu da rubutu yana nan a ɗan daji, don haka a raba shi da iyayensa gwargwadon iko. A 1920 Duncan Campbell Scott, babban jami'in da ya riƙe sashen kula da al'amuran 'yan asalin ƙasa daga 1913 zuwa 1932, ya faɗa wa kwamitin majalisa cewa burinsu shi ne a ci gaba har sai babu ɗan asalin ƙasa ko ɗaya da bai narke a cikin sauran jama'a ba. A wannan shekarar aka gyara doka, ya zama tilas ga duk yaro mai shekara 7 zuwa 15 ya je makaranta, inda kuwa babu ta jeka-ka-dawo sai ta kwana. Uban da ya ɓoye ɗansa yana iya shan tara ko ɗauri. 'Yan sanda ake turawa a kamo yara. Waɗannan maganganu suna nan rubuce a kundin gwamnatin Kanada, ba maƙiyanta ne suka ƙaga mata ba.

Yara kusan 150,000 ne suka bi ta waɗannan makarantu, daga al'ummomin Cree, Ojibwe, Dene, Mohawk, Inuit, Métis da sauransu. Makarantu 139 gwamnati ta amince da su a yarjejeniyar biyan diyya ga tsofaffin ɗaliban, ta 2006. Gwamnati ke ba da kuɗi, coci-coci ke gudanarwa: Katolika ke da mafi yawa, sai Anglika, Methodist, Presbyterian da United Church. Kada kuma mai karatu ya ɗauka labarin zamanin kaka da kakanni ne. Makarantar Gordon da ke Punnichy a lardin Saskatchewan sai a 1996 aka rufe ta. A nan cikin Winnipeg, a titin Academy, akwai wadda ta yi aiki daga 1958 zuwa 1973, mutanen da suka zauna a cikinta muna haɗuwa da su a kasuwa da asibiti.

Ilimin ma da ake ta yabawa, a tsawon shekaru masu yawa rabin yini ake shiga aji, rabin yini a yi aikin gona da wanki da ɗinki da girki, domin kuɗin da gwamnati ke bayarwa kan kowane yaro ba ya isa a riƙe makaranta. Gumin yaran ne ke ciyar da wurin da aka tsare su.

Wanda ya fi taɓa ni a duk tarihin, wataƙila saboda aikina, shi ne wani likita, Dakta Peter Bryce. Shi ne babban likitan sashen, gwamnati ce ke biyansa albashi. A 1907 ya zagaya makarantu a yammacin ƙasar ya rubuta rahoto: ɗakunan kwana a cunkushe, babu iska, ana kwantar da masu tarin fuka tare da masu lafiya. A makarantu 15 da ya samu bayanansu, kusan kashi 24 cikin 100 na yaran da suka shiga sun mutu. Duk wanda ya taɓa jinyar mai tarin fuka ya san abin da ake nufi da rufe yara da dama a ɗaki ɗaya ana tari har asuba, a ƙasar da sanyi ke hana buɗe taga wata da watanni. Bryce ya faɗi abin da za a yi, kuma ba abin da ya fi ƙarfin gwamnati ba ne. Aka yi watsi da shawararsa, daga baya aka tilasta masa ritaya. A 1922 ya buga ɗan littafi da kansa, ya kira lamarin laifin ƙasa. Saboda haka duk mai cewa ai zamanin ne haka, ba a san illar abin ba, to an sani. Likitansu ya gaya musu a rubuce, suka ci gaba har kusan shekara casa'in bayan rahotonsa.

Bai tsaya nan ba. A 2013 wani masanin tarihi, Ian Mosby, ya tono takardun da suka nuna cewa tsakanin 1948 da 1952 an yi gwajin abinci a kan yara kusan 1,000 a makarantu shida. A makarantar Alberni an bar yara shekara biyu a kan madarar da aka san ba ta ishe su ba, don a samu abin kwatantawa idan an ƙara. An hana wasu gyaran haƙori don kada ya ɓata sakamakon bincike. Babu wanda ya nemi iznin iyayensu.

Ina da maƙwabciya, tsohuwa 'yar ƙabilar Cree, da muke ce wa Kaka. Ita ta yarda in ba da wannan labari, muddin ban faɗi sunanta ba. Wata rana da jajiberin sallah ta shigo ta same ni ina yi wa ƙaramar 'yata kitso, yarinyar tana zaune tsakanin ƙafafuna tana mita ana ja mata kai. Kaka ta zauna ta daɗe tana kallo, shayin da na zuba mata har ya huce. Can ta ce, "'Yata, rabon da uwata ta taɓa mini kai tun ina da shekara shida." Ta ce ranar da aka kai su, abin farko da aka yi shi ne aka datse mata kitso biyun da uwarta ta yi mata, ta ga gashin a ƙasa an share shi tare da na sauran yara. A al'adarsu sai an yi mutuwa ake yanke gashi, don haka ta kwana tana kuka, ta ɗauka uwarta ce ta rasu ba a gaya mata ba. Aka karɓe kayan jikinta, aka ba ta lamba, aka rubuta lambar a riga da bargo, kuma da ita ake kiranta. Wanta yana ɓangaren maza, tana hango shi ta waya a filin wasa, amma idan ta ɗaga masa hannu sai an hukunta ta. Ranar da aka ji ta tana magana da harshensu, sabulu aka cusa mata a baki. Da ta koma gida bayan shekaru, kakarta ta rungume ta tana magana, ita kuwa ta tsaya tana kallon bakin tsohuwar, ba ta gane komai ba.

Abin da ta faɗa daga baya ya fi wannan nauyi. Ta ce da ta haifi nata 'ya'yan ba ta san yadda ake rarrashin yaro ba, domin ba ta taɓa ganin an yi ba. Abin da ta iya shi ne tsawa da jera yara a layi da duba ko gado ya gyaru. Biyu daga cikin 'ya'yanta sun faɗa shaye-shaye. Ba ta ɗora wa kowa laifin wannan ba, ta faɗe shi ne kawai tana juya kofi a hannu. Ya Edita, idan aka yi wa kaka haka, aka yi wa uwa, aka yi wa jika, a gari guda, a ƙabila guda, sama da shekara ɗari, me ake tsammanin gani a bakin titi?

A nan nake so in amsa wa masu cewa mu ma mun yi makarantar kwana. Na yi, na kuma sha hukunci saboda an kama ni ina Hausa a aji, kamar yadda da yawanmu suka sha, kuma har yau ina ganin wannan kuskure ne. Amma mahaifina ne ya kai ni da ƙafarsa, ya yi mini addu'a a bakin ƙofa. Ranar ziyara mahaifiyata takan zo da dambu da ƙuli-ƙuli. Da hutu ya yi na koma gida, na tarar da sunana da harshena da addinina suna nan inda na bar su, babu malamin da ya taɓa ce mini iyayena 'yan wuta ne ko dabbobi. Da na mutu a can, da an kawo gawata gida an yi mini sutura. Sunan makarantar kwana kaɗai ya haɗa mu da su.

Yaran nan sun yi ta gudu. A watan Oktoba na 1966 wani yaro mai shekara 12, Chanie Wenjack, ya tsere daga makarantar Cecilia Jeffrey da ke Kenora, garin da ba shi da nisa sosai daga nan idan aka yi gabas. Ya kama hanyar jirgin ƙasa da niyyar taka kusan kilomita 600 zuwa garinsu, Ogoki Post, da 'yar riga marar kauri. A gefen layin dogo aka tsinci gawarsa, sanyi da yunwa sun kashe shi, a aljihunsa akwai 'yar kwalba da 'yan ƙwayoyin ashana. Wanda ya ɗanɗani sanyin ƙarshen Oktoba a wannan yanki ya san yaro ba ya zaɓar wannan hanya sai abin da ke bayansa ya fi ta tsanani.

Sai maganar kaburbura, wadda ita ce ake ta cacar baki a kai yanzu, kuma ina so in faɗe ta yadda take, har da ɓangaren da masu musu suke da gaskiya. A ranar 27 ga Mayu 2021 shugabar al'ummar Tk'emlúps te Secwépemc, Rosanne Casimir, ta sanar cewa na'urar da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa ta gano abin da suka ɗauka kaburburan yara 215 ne a harabar tsohuwar makarantar Kamloops a lardin British Columbia. Jaridun duniya suka ɗauka da zafi, wasu suka rubuta cewa an gano kabarin bai-ɗaya cike da gawawwaki. Wannan ba daidai ba ne. Na'urar ba ta ganin ƙashi, tana nuna wurin da aka taɓa tona ƙasa ne kawai. A watan Yuli na shekarar masaniyar da ta yi aikin ta rage adadin zuwa 200, ta kuma ce sai an tona za a tabbatar. Ba a tono gawa a wurin an nuna ba. A Pine Creek, nan Manitoba, an tona ƙasan wani coci a 2023 ba a samu gawa ba, kuma shugaban al'ummar, Derek Nepinak, shi ya fito da kansa ya sanar.

To amma daga nan zuwa cewa yara ba su mutu ba, tazara ce mai nisa, kuma a nan ne ake yaudarar mutanenmu. Mutuwar yaran ba na'ura ce ta gano ta ba. Hukumar Gaskiya da Sasantawa, wadda aka kafa don bincika abin da ya faru a makarantun, ƙarƙashin marigayi Mai Shari'a Murray Sinclair, ta yi aiki daga 2008 zuwa 2015, ta saurari mutum sama da 6,500, ta bi takardun gwamnati da na coci, ta tabbatar da mutuwar yara kusan 3,200, shekara shida kafin a ji labarin Kamloops. Cibiyar da ke ajiye waɗannan takardu a Jami'ar Manitoba ta ci gaba da tattarawa, adadin ya haura 4,000. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda hukumar ta lissafa, ko sunansu ba a rubuta ba. Kusan rabi ba a rubuta abin da ya kashe su ba. Hukumar ta gano cewa a mafi yawan lokaci ba a mayar da gawa gida, don gudun kashe kuɗi, sai a binne a kusa da makaranta, wani lokaci ɗalibai ne ke haƙa kabarin 'yan'uwansu. Da makarantun suka rufe aka bar maƙabartun, gicciyen katako suka ruɓe, ciyawa ta rufe. A Cowessess da ke Saskatchewan, inda aka sanar da kaburbura 751 marasa alama a watan Yuni 2021, shugabansu Cadmus Delorme ya faɗa tun ranar farko cewa ba kabarin bai-ɗaya ba ne, maƙabarta ce da aka cire wa alamomi, kuma mai yiwuwa akwai manya a ciki. Tun 2009 hukumar ta nemi gwamnati ta ba ta dala miliyan 1.5 don neman kaburburan, aka hana ta.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa gane dalilin da ya sa wasu al'ummomin ke jan ƙafa wajen tono. Wane ne a cikinmu zai yarda a farke kabarin ƙanen mahaifiyarsa don wani baƙo a intanet ya gamsu? Wasu sun zaɓi tonawa, wasu sun ce a bar mamaci ya huta, wasu suna tsoron a dame ƙasusuwan yaran ƙabilu daban-daban ba tare da iznin danginsu ba. Haƙƙinsu ne su yanke wannan shawara.

Akwai kuma masu cewa an samu malamai na kirki. Wata sanata, Lynn Beyak, ta faɗi haka a majalisa a 2017, ƙasar ta ɗauki zafi. Gaskiya an samu, rahoton hukumar ma ya kawo shaidar waɗanda suka tuna wani malami da alheri, kuma Kaka da kanta tana ambaton wata mai girki da ke ɓoye mata burodi. Sai dai kirkin mai girki bai mayar mata da harshenta ba. Sama da mutum 38,000 ne suka shigar da ƙorafin duka mai tsanani ko lalata da aka yi musu, ƙarƙashin yarjejeniyar diyya ta 2006. Diyyar gama-gari kuwa dala 10,000 ce kan shekarar farko, 3,000 kan kowace shekara bayanta. Wannan ne kuɗin da ake yi musu gori da shi.

Ina roƙon 'yan'uwana Musulmi kada mu mayar da wannan abin jifan Kiristoci, domin na ga wasu sun fara. Gwamnati ce ta tsara, ta yi doka, ta tura 'yan sanda. Da yawa daga cikin waɗanda aka zalunta Kiristoci ne har gobe, kuma lokacin da aka ƙona wasu coci-coci a 2021 shugabannin 'yan asalin ƙasar na cikin waɗanda suka yi tir, domin wasu a nan aka ɗaura auren iyayensu. Coci-cocin sun amsa laifinsu ɗaya bayan ɗaya. Firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a majalisa ranar 11 ga Yuni 2008, ya ce manufar ita ce a raba yara da gidajensu da al'adunsu, kuma kuskure ne. Fafaroma Francis ya zo Maskwacis a lardin Alberta ranar 25 ga Yuli 2022 ya nemi gafara, a jirgin komawa kuma ya amsa cewa kisan ƙare dangi ne. A watan Oktoba na shekarar Majalisar Wakilai ta amince baki ɗaya da ƙudurin Leah Gazan, 'yar majalisa daga Winnipeg, cewa a kira abin da wannan suna. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta lissafa kwashe yaran wata al'umma da ƙarfi a kai su ga wata a cikin ayyukan ƙare dangi, idan an yi da niyyar kawar da al'ummar. Idan masu laifin sun amsa, ina dalilin da zai sa mu baƙi mu tsaya muna wanke su?

Ita Gazan ta kawo wani ƙuduri a 2024 na a hukunta masu musanta abin da ya faru. A nan ban bi ta ba. Ɗaure mai musu zai sa ya zama gwarzo a wajen magoya bayansa. Na fi son a buɗe duk takardun da suka rage a hannun gwamnati da ƙungiyoyin coci, a ba al'ummomin kuɗin da za su kammala bincikensu ba tare da an yi musu gaggawa ba, a kuma daure a riƙa gyara kuskuren jarida idan an yi shi, domin kowane ƙarin gishiri makami ce a hannun mai musu.

Abin da ya fi damuna shi ne raba yaro da uwa bai ƙare ba. Ƙidayar 2021 ta nuna 'ya'yan 'yan asalin ƙasa ba su kai kashi 8 cikin 100 na yaran Kanada ba, amma sun haura rabin yaran da ke hannun masu riƙo na hukuma. A Manitoba kusan tara cikin goma ne. Mu kuma da muka zo, da yawanmu aikin jinya da kula da yara da jin daɗin jama'a muke yi. Mu ne ke karɓar uwa 'yar Cree a ɗakin haihuwa, mu ne ke rubuta rahoto a kanta. Idan muka shiga ɗakin da abin da aka raɗa mana a gidan suna, hannunmu zai shiga cikin abin da muke cewa ya wuce. Mutanen da ake ce mana ba sa son aiki, daga cikinsu Manitoba ta zaɓi Wab Kinew ya shugabanci gwamnatin lardi a 2023, kuma mahaifinsa ya zauna a irin wannan makaranta.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan za ku riƙa buga labarin biza da guraben karatu a Kanada, ku haɗa da wannan tarihi, musamman a kusa da 30 ga Satumba, ranar da ƙasar ta ware tun 2021 don tunawa da yaran. A ranar ake sa riga mai ruwan lemo, saboda Phyllis Webstad, wadda aka ƙwace wa sabuwar rigar da kakarta ta saya mata a ranarta ta farko a makaranta a 1973, tana da shekara shida. Masu shirin tahowa kuma su nemi taƙaitaccen rahoton hukumar Sinclair da shawarwarinta 94, yana intanet kyauta, su karanta kafin wani ya ja su gefe a filin jirgi. Idan jaridar na so, a shirye nake in taimaka a mayar da wasu sassansa cikin Hausa.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridar albarka.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya,
Winnipeg, Kanada.